Tamanin

Shekara talatin da ɗaya
ina cin kwaltar Bauchi zuwa Gombe,
ƙafata ta dama ba ta san lallashi ba.
'Yan kamasho Guguwa suke ce mini.
Yau ga ni a gefen mai zaman banza,
gwiwa ta ƙi, ido ya rage,
Iklima ce riƙe da sitiyari
za ta kai ubanta wurin likitan ƙashi.

Motar tata ba ta gyaran murya.
Ta danna maɓalli, shiru.
Na ce ta mutu. Ta ce, "Baba, idonta biyu."
Wai zuciya biyu gare ta,
ɗaya na shan mai, ɗaya na shan wuta,
wannan ta ɗaga, waccan ta sauke,
lugude a turmi guda.

Ba mu bar Fadaman Mada ba
sai da Ɗanjuma mai faci ya auna taya huɗu
tun rana ba ta gasa su ba.
Ta fid da mataccen janareta daga but,
wanda ƙaninta ya manta tun salla.
"Duk abin da ka ɗauka, kai za ka biya masa kuɗin mota."

Muka hau titi.
Maleji ya kai tamanin ya zauna
kamar baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma.
Tamanin!
Ƙafata na laluben totur inda babu totur.
Na sauke gilashi, ta mayar,
ta kunna sanyi ɗan kaɗan.
"Iska ma bango ce, Baba.
In ka haura ɗari, ita kake saya wa mai."

A gangarar Dindima ta ɗage ƙafa.
Inji ya yi barci muna tafe.
Koriyar kibiya a allo ta juya baya
tana ɗura wa batir abin da tudu ya ci.
Ashe gangara na biyan bashin hawa.
Ni kuwa sau dubu nawa na bi ta nan
na bar mata canjina?

Tun daga nesa ta hango cunkoson Alkaleri,
ta soma taɓa birki sannu-sannu
kamar mai tashin jariri.
Ni da sai na ga farin idon akuya nake takawa.

Wani yaro ya wuce mu da oda,
hannu ɗaya waje, hula a ƙeya.
Na san shi. Ni ne, ina ɗan ashirin da biyar.

Bayan Bara akwai wata tsamiya,
ƙarƙashinta masallaci mai shuɗiyar ƙofa,
da randa, da moɗa a kife.
Na ce yaushe aka gina wannan?
Iklima ta ce, "Ai ya girme ni."
Ban ƙara magana ba har muka hango Gombe
kwance a kwarinta.

Yaron nan ya riga mu, ba ƙarya.
Ga shi a bakin tasha yana fifita shayi.
Na duba agogo: minti ashirin.
Minti ashirin, safe da yamma,
shekara talatin da ɗaya ina saye da tsada,
ban san aljihun da na zuba su ba.

Lita bakwai, in ji allo.
Tsohuwar motata da ta sha ashirin tana neman ƙari.

Likita ya murza gwiwar, ya cire tabarau.
Ya ce, "Malam Gidado, rage kaya.
Kada ka fizga, kada ka tsaya kwatsam.
In ka zo gangara, bi ta a hankali."

Iklima ta juya tana kallon taga,
kafaɗunta na rawa.